Ya ci jarrabawar, amma sai an sayar da fili

Maman Biyar: Assalamu alaikum iyayen gida. Shawara nake nema, don kwana uku ke nan barci ya ƙaurace wa idona. Yarona na biyu, ɗan shekara 11, ya zauna jarrabawar shiga wata makarantar kuɗi ta kwana a gefen Abuja, irin waɗanda ba a shiga sai an tankaɗe an rairaye. Rubutacciya suka fara yi, lissafi da Turanci da tambayoyin auna basira. Waɗanda suka tsallake aka kira su ganawa, har mu iyaye sai da aka zaunar da mu aka yi mana tambayoyi. Ranar Litinin takarda ta zo, sun ɗauke shi. Wallahi mun kai shi ne don ya gwada kansa, ba mu sa rai ba. To kuɗin shekara ɗaya, ban da kayan sawa da littattafai da kuɗin mota, ya fi albashin babansu na shekara. Shi ya ce zai sayar da filinsa na bayan gari ya biya shekara biyu ko uku, saura Allah zai kawo. Ni kuwa gabana faɗuwa yake yi. Mako biyu suka ba mu mu biya kafin alƙalami. Waɗanda suka san irin makarantun nan daga ciki, don Allah ku faɗa min gaskiya.

Alhajin Kwari: Wa alaikumus salam. Hajiya, barka da arziƙi, Allah ya ƙara masa basira. Ki bar mai gida ya sayar. Fili ana sake saya, shekara 11 ba ta dawowa. Nawa biyu suna irin wannan makarantar, ban taɓa da-na-sani ba. Ba karatun kaɗai kike saya ba, abokai kike saya masa. Wanda suke kwana ɗaki ɗaya yau, gobe shi ne darakta a wata ma'aikata. Zama da maɗaukin kanwa ai shi ke kawo farin kai.

Baban Yara: Alhaji, kai daga shago kake ɗebowa, shi daga fili ɗaya tilo. Ba ɗaya ba ne. Kuma karin maganar nan taka ba alheri kaɗai take nufi ba.

Tsohon Malami: Hajiya, Allah ya raya. Shekara 19 na yi ina koyar da kimiyyar sinadarai a makarantun gwamnati, sannan na yi bakwai a wata ta kuɗi irin wadda kike magana. Bari in faɗa miki abin da ba a rubutawa a takardar talla.

Idan suka nuna miki sakamakon WAEC, kowa da A da B jere, ki tuna yadda aka samo yaran. An tara ɗaruruwa, an ɗauki 'yan kaɗan na sama. Wanda ya tankaɗe gari sau uku, in tuwonsa ya yi laushi ba abin mamaki ba ne. Kuma tankaɗen bai tsaya a bakin ƙofa ba. Inda na yi aiki akwai makin da yaro zai kai a ƙarshen shekara. In ya gaza, a yi masa gargaɗi. In ya sake gazawa, a kira iyaye a ba su "shawara" su nema masa wurin da ya fi dacewa da shi. Kafin aji shida duk mai rauni ya tafi, sai a buga sakamako a jarida a ce ɗari bisa ɗari.

Ba ina cewa ba sa aiki ba ne. Suna yi. A gwamnati na koyar da aji mai yara sama da 80, ko littafinsu ba na iya dubawa duka. A can 22 ne a gabana, na san rubutun kowa, na san wanda bai yi barci ba jiya. Ana biyan mu a kan lokaci, kuma in ka yi fashin darasi ɗaya sai ka amsa tambaya. Ɗakin gwaje-gwaje akwai kaya, ba kwalabe wayam ba. Wannan duk gaskiya ne. Amma yaron da ya tsallake jarrabawarsu ya riga ya nuna miki ko shi waye, tun kafin su koya masa harafi ɗaya.

Maman Biyar: Malam, maganar korar nan ta tsorata ni. Ke nan muna iya sayar da filin, shekara biyu a dawo mana da shi?

Tsohon Malami: Yana yiwuwa, ba dole ba. Ki tambaye su kai tsaye: yara nawa kuka ɗauka aji ɗaya shekara shida da suka wuce, nawa ne daga cikinsu suka gama? Amsar wannan ta fi duk hotunan da ke cikin takardar tallarsu.

Tsohuwar Ɗaliba: Anti, ni na yi irinta shekara shida, da tallafin rabin kuɗi. Bari in ba ki labarin ciki.

Ƙarfe biyar ƙararrawa. Sallah, wanka, gyaran gado, kowa da inda zai share. Takwas saura muna aji, sai biyu a tashi. Bayan abincin rana a ce dole kowa ya kwanta awa ɗaya, ko kana jin barci ko ba ka ji. La'asar wasanni, babu maganar "ni ba na gudu". Bayan isha'i firef, wato karatun dare a aji, shiru kamar an yi mutuwa, malami yana zagayawa, har tara da rabi. Goma a kashe wuta. Ba waya. Ba a yarda ka shigo da kayan ciye-ciye daga gida ba, ɗan gwamna da ni abinci ɗaya muke ci, takalmi iri ɗaya. Wannan na yaba musu har gobe.

Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne ƙarshen zangon farko. Tun firamare ban taɓa zuwa ta biyu ba. Aka miƙo min sakamako na ga ta 31. Na shiga banɗaki na yi kuka har na gode Allah. Kowa a ajin nan na ɗaya ne a inda ya fito, to dole wani ya zama na ƙarshe. Akwai wata ƙawata da ba ta farfaɗo daga wannan ba, ta yanke wa kanta hukuncin cewa ita daƙiƙiya ce, alhali a kowace makaranta a garinmu da ita za a riƙa kwatance. Ni abin da ya cece ni, babana da ya ga takardar cewa ya yi, "Ta 31 cikin zakaru? Ai kin yi ƙoƙari." Da ya yi faɗa ranar, ban san yadda za ta ƙare ba.

Sai ranar ziyara. A aji duk ɗaya muke, amma filin ajiye motoci ba ya ƙarya. Babana motar haya yake hawa tun asuba, ya sauka a bakin titi ya tako da leda a hannu, dambun nama da cincin. Akwai shekarar da, Allah ya yafe min, na ja shi can bayan ɗakin karatu muka zauna don kada 'yan ajinmu su gan shi. Bai ce komai ba, amma ya gane. Yanzu ya rasu, kuma duk abin da na samu a makarantar nan bai goge min wannan ranar ba. In an dawo hutu kuma a yi ta hirar Dubai da Landan, ni kuwa gidan kakata na je na taya ta ɓarar gyaɗa, sai in yi shiru.

Na amfana? Ƙwarai. Da muka shiga jami'a na riga na yi gwaje-gwajen da wasu sai a allo suka taɓa gani, kuma ba na jin tsoron ɗaga hannu gaban kowa. Amma kafin aji uku wanda ke jan ragamar ajinmu wani yaro ne daga makarantar gwamnati ta ƙauye. Shekarar farko muka fi shi, daga nan ya bar mu da ƙura.

Goggo: Allah ya jiƙan mahaifinki 'yar nan. Kin sa ni hawaye.

Maman Biyar: Allah ya jiƙansa da rahama. Na gode ƙanwata. Nawa yaron mai zuciya ne, ko wasan ludo aka cinye shi sai ya ƙi cin abinci. Ban taɓa tunanin wannan ba.

Alhajin Kwari: To ai gara ya koya tun yanzu cewa akwai waɗanda suka fi shi. Kifin rijiya kike so ya zama? Kullum na ɗaya a cikin waɗanda ba sa karatu?

Tsohuwar Ɗaliba: Alhaji, a nan na yarda da kai. Ni dai cewa nake a shirya shi kafin ya tafi, kuma iyaye su shirya kansu.

Malama Mai Islamiyya: Duk kuna maganar maki da kuɗi, ba wanda ya tambayi sallah da hadda. Shekara 11 fa. Izu nawa gare shi? Wa zai tashe shi asuba, wa zai saurari tilawarsa? Wasu makarantun suna da masallaci da malami tsayayye, wasu kuwa ɗaki ɗaya ne aka ware da tabarma, shi ke nan. Sannan harshe. Ɗan yayata ya dawo hutu kakarsa ta gaishe shi yana amsawa da Turanci, wai a makaranta tara ake ci in an ji ka da Hausa. Ko durƙusawa ya manta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tambayar ita ce wa zai tanƙwara, ke ko su?

Tsohuwar Ɗaliba: Maganar tarar gaskiya ce, mu ma an yi mana. Amma Malama, ni sallata a makaranta ta fi tsayuwa, don ƙararrawa ba ta san lallashi ba. Hausar ce dai ta sha wuya. Har yau in zan ƙirga kuɗi da Turanci nake yi a zuci.

Baban Yara: Ni ta wajen kuɗi zan yi magana, don ni ta ci. A 2021 na kai 'yata irin wannan, na yi lissafi tsaf na shekara shida. Sai aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Makaranta da janareta take kwana, da dizal take dafa abinci, littattafan Kambirij da jarrabawar IGCSE, ta kammala sakandare irin ta Ingila, da kuɗin waje ake lissafa su. Takardar ƙarin kuɗi ta riƙa zuwa kamar gaisuwar sallah. Tana gama aji uku na cire ta na mayar da ita je-ka-ka-dawo a unguwa. Hajiya, cire yaro ya fi rashin kai shi ciwo nesa ba kusa ba. Wata shida ba ta yi min dariya ba. Tana ganin ita ta gaza, ni ina ganin ni na gaza.

Mai gida ya ce fili zai biya shekara biyu ko uku. Makarantar shida ce. Bayanta ga jami'a, kuma yaron da ya yi shekara shida yana jin abokansa na maganar Kanada da Ingila, ki ce masa ya zo ya bi layin jami'ar gwamnati inda aka yi yajin aikin wata takwas a 2022? Zai je, amma da wace zuciya?

Alhajin Kwari: Allah ke ciyarwa, Malam. Da lissafi kaɗai ake yi da ba wanda ya yi aure.

Baban Yara: Allah ke ciyarwa, amma sai an ɗaure raƙumi ake tawakkali.

Anti ta Ingila: Ina bin ku tun ɗazu. Abin da Malam ya faɗa kan tankaɗe, nan ma shi ake ta faman jayayya a kai. Makarantar Eton da kowa ke ambato, Sarki Henry na shida ne ya kafa ta a 1440 don yara 70 marasa galihu su yi karatu kyauta. Yau ita ce makarantar 'ya'yan masu hali, ta fitar da firaministoci 20. Kusan kashi 7 cikin ɗari na yaran ƙasar nan ne ke makarantun kuɗi, amma in ka leƙa manyan alƙalai sai ka ga su suka cika wurin. Shi ya sa maganar Alhaji ta abokai ba wasa ba ce, ko da ba ta da daɗin ji. Daga Janairun 2025 gwamnati ta ɗora harajin VAT kashi 20 kan kuɗin makarantun, na san iyayen da suka cire 'ya'yansu a tsakiyar shekara, irin ciwon da Baban Yara ya faɗa. Su kuma makarantun sun fara bin kasuwa waje, Charterhouse ta buɗe reshe a Legas a 2024.

Akwai kuma na gwamnati masu zaɓen ɗalibai, kyauta ne, yaro na zana jarrabawa yana shekara 10 zuwa 11. Amma je ki ga yadda iyaye ke zuba kuɗin lesin shekara biyu kafin ranar. Ƙarshenta mai kuɗin ne dai ke gaba.

Tsohon Malami: Hajiya ta Ingila, ai mu ma da gwamnati ce ke tankaɗen. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta koma Kaduna, ta koma Zariya ta zama Barewa, daga larduna ake zaɓo yara. Sardauna ta nan ya bi, haka Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari da 'Yar'aduwa. A 1977 Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, jarrabawa ce ke shigar da kai ba aljihun ubanka ba. Ku shiga asibitocin Kano da Jigawa ku tambayi manyan likitoci inda suka yi sakandare. 'Ya'yan manoma ne da maƙera da masu tireda. Abin da ke ƙona min rai ke nan: abin da uban wani ya samu kyauta, yau ɗansa sai ya sayar da fili kafin ya saya wa jikan.

Kuma ba su mutu duka ba. Makarantun tarayya sun haura ɗari, NECO ce ke shirya jarrabawar shigarsu, akwai ta masu hazaƙa a Suleja. Yaron da ya tsallake waccan zai iya gwada waɗannan. Ba za su kai ta kuɗi jin daɗi ba, gabza zai ci, zai ɗebi ruwa da bokiti. Rarar kuɗin sai ki ɗaukar masa malamin lissafi mai kyau a hutu.

Ɗan Gabza: Malam, gabzar ba ita ce matsala ba, mun ci mun rayu, da ƙuli da yaji da garin kwaki a akwati. Gwale-gwalen siniyoyi ne. Ni a makarantar kwana ta gwamnati da na yi, aji ɗaya bawa kake. Wankin wani, gugar wani, tsallen kwaɗo da tsakar dare. Akwai tabo a bayana har yau. Ban ce a ta kuɗi babu ba, amma can iyaye na da bakin magana.

Tsohuwar Ɗaliba: Akwai, salo ne ya bambanta. Mu ba a dukanmu, don siniya in ya taɓa ka korarsa za a yi. Amma a ware ka, a yi ta dariyar yadda kake furta "p" da "f", wannan ba ya barin tabon da za ka nuna wa shugaban makaranta.

Goggo: Ni tsaro ne damuwata. Tun sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 hankalina bai sake kwanciya da makarantar kwana ba. Kagara, Jangebe, Birnin Yauri, duk a 2021. Kada a ce na gwamnati ne kawai, Bethel Baptist ta Kaduna ai mai zaman kanta ce, an kwashi yara sama da ɗari a Yulin shekarar. Ki je da ƙafarki ki ga katanga, ki ga nisanta da daji, ki tambayi wa ke gadi da dare. Zuwa da kai ya fi aike. Sannan hanyar Kaduna zuwa Abuja sau nawa za ku bi ta a shekara?

Malama Mai Islamiyya: Maman Biyar, afuwan, wata tambaya. Kin ce shi ne na biyu. Ta farin fa, ina take karatu?

Maman Biyar: Mace ce, tana aji uku a wata je-ka-ka-dawo kusa da gida. Ita ma tana ƙoƙari sosai.

Malama Mai Islamiyya: An kai ta ta gwada irin wannan jarrabawar lokacinta?

Maman Biyar: A'a. Gaskiya ko zancen bai taso ba.

Malama Mai Islamiyya: To ki yi tunanin abin da za ki ce mata. Da ukun da ke bayansa. Filin nan ai na su biyar ne.

Alhajin Kwari: In ɗaya ya tashi ai zai ja saura. Haka aka yi mana, yayanmu aka kashe wa, shi ya ɗauke mu.

Baban Yara: Kaya mai nauyi ne ka ɗora wa ɗan shekara 11. Duk ranar da ya zo na 31 zai tuna an sayar da gādon 'yan'uwansa dominsa.

Anti ta Ingila: Kafin a kai ga haka, kin tambaye su tallafi? Yawancin irin makarantun nan suna da wani abu da suke warewa, ba sa tallata shi ne. Wanda ya yi shiru shi ke biya duka. Ki rubuta musu, ki haɗa takardar albashi, ba abin kunya ba ne. Su ma suna son yaron da zai ɗaga musu sakamako.

Tsohuwar Ɗaliba: Haka babana ya yi. Sau uku yana komawa ofishin. Amma ki karanta sharuɗɗan da kyau, nawa an ce in makina ya sauka ƙasa da wani mataki za a janye. Shekara shida da wannan nake kwana nake tashi.

Maman Biyar: Salam, na dawo. Jiya muka je ni da babansu. Wuri dai masha Allah, ɗakin karatunsu kaɗai ya isa ya ruɗa mutum, yaron ya tsaya gaban kantar littattafai kamar an dasa shi. Masallaci akwai, da malami mai kwana a ciki. Katanga doguwa, amma bayanta gonaki ne har iya ganinka, Goggo na tuna da ke. Na yi tambayar Malam, nawa suka shiga nawa suka gama. Matar ta yi murmushi ta ce iyaye kan canja gari, ba ta ba ni adadi ba. Tallafi kuma ta ce sai yaro ya yi shekara ɗaya sun ga ƙoƙarinsa, kuma ba alƙawari.

A mota babansu sai murna yake, ni na kasa cewa komai. Da daddare babbar ta same ni a kicin tana taya ni wanke-wanke, ba ta kalle ni ba ta ce, "Umma, ki bari ya tafi, ni ba komai." Wannan "ba komai" ɗin ya fi min zafi a kan da rigima ta yi.

Na dai saya masa fom ɗin jarrabawar makarantun tarayya, babansu bai hana ba amma bai ji daɗi ba. Ya ce dillali zai zo ranar Asabar. Saura kwana biyar wa'adin ya cika. Takardun filin kuwa suna ƙasan akwatina tun da muka tare, kuma har yanzu bai tambaye ni su ba.

Tsohon Malami: Da ta ƙi ba ki adadin, ai ta ba ki amsa.

Alhajin Kwari: Hajiya, filin ta wane gefe yake? Akwai shaidar mallaka?

Mai Kula da Zaure: Alhaji, don Allah. Ba Kwari muke ba.